Na'urar Awon Maganaɗisu Tana Ganin Zinare a Ƙarƙashin Ƙasa?

TAMBAYA: Bayan girbin bana wasu samari sun zo ƙauyenmu, suka yi ta ratsa gonaki a miƙe. Ɗaya yana ɗauke da doguwar sanda mai wani abu kamar gwangwani a kanta, yana tafiya yana tsayawa yana danna ɗan akwatin da ya rataya a ƙirji. Da muka tambaya, sai suka ce awon maganaɗisun ƙasa suke yi. Yanzu magana ta cika gari cewa na'urar tana hango zinare, har wasu sun fara taya gonakin da aka bi ta ciki. Don Allah ita ƙasa a ina ta samo maganaɗisu? Kuma da gaske ne abin nan yana ganin zinare?
Daga wani manomi a jihar Zamfara

AMSA: Bari in fara da abin da ya fi damun mutanen garinku: na'urar ba ta ganin zinare. Maganaɗisu ba ya jan zinare ko kaɗan. Ka samo mayen ƙarfe ka kara shi a jikin ɗan kunnen da aka ce maka zinare ne, in ya manne, to ka koma wurin wanda ya sayar maka. Amma kuma samarin nan ba yawon banza suke yi ba. Akwai abin da suke aunawa, kuma abin yana iya shiryar da mai neman zinare ta doguwar hanya. Sai dai tsakanin lambar da ke fitowa a akwatin nan da zinare a tafin hannu akwai tafiya mai nisa, wadda galibi ma ba a kaiwa ƙarshenta.

Abin da suke bi ka san shi tun kana yaro, ko da ba ka san sunansa ba. Idan ruwan sama ya ɗauke, yara kan ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar sifikar rediyo, su ɗaura masa igiya su ja shi a cikin yashin kwari. Da sun ɗago sai ka ga wani baƙin gari ya yi masa gashi-gashi. Yawancin wannan baƙin gari wani ma'adini ne da masana ke kira maginetayit, haɗin ƙarfe da iskar oksijin. Yana cikin duwatsu iri-iri, wani dutsen da yawa, wani kaɗan, wani kusan babu. Baƙin dutsen da ya fito daga aman wuta, irin na tudun Biu, yana ɗauke da shi sosai. Yashi da laka da farar ƙasa kuwa kusan babu komai a cikinsu. Wannan bambanci shi ne jarin duk mai awon maganaɗisu.

To ita ƙasar a ina ta samo nata? Wajen shekarar 1600 wani likitan sarauniyar Ingila mai suna William Gilbert ya sassaƙa dutsen maganaɗisu ya mai da shi ƙwallo, ya riƙa zagaya shi da 'yar allura, sai ya ga allurar tana karkata daidai yadda allurar kamfas ke yi a sassan duniya. Daga nan ya ce duniya ita kanta babban maganaɗisu ce. Ya yi gaskiya, amma da ka ɗauka wani ƙaton mayen ƙarfe ne a binne a tsakiyarta, da ka yi kuskure. Zafi yana kashe maganaɗisu. Maginetayit yana rasa nasa idan zafi ya kai wajen digiri 580 a ma'aunin Salshiyos, ƙarfe kuma a digiri 770, alhali can cikin duniya zafin ya kai dubbai. Saboda haka dutse mai riƙe maganaɗisu bai wuce 'yan kilomita gommai na saman ƙasa ba.

Babu wanda ya taɓa leƙa cikin. Rami mafi zurfi da aka haƙa a miƙe, wanda Tarayyar Sobiyet ta haƙa a yankin Kola, ya tsaya ne a kilomita 12 da 'yan kai. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin abin da ke ƙasa da haka, domin akwai nau'in girgiza da ba ya ratsa ruwa, kuma an lura cewa yana ɓacewa a zurfin wajen kilomita 2,900. Daga nan ne narkakken ƙarfe mai gauraye da nikel yake farawa, kaurinsa ya haura kilomita 2,000, ya kewaye wani dunƙulen ƙarfe daskararre da ke can tsakiya. Narkakken ƙarfen nan ba a kwance yake ba. Mai zafi yana tasowa, wanda ya huce yana nutsewa, juyawar duniya kuma tana murɗa tafiyarsa. Ƙarfe mai motsi a cikin maganaɗisu yana haifar da lantarki, lantarki mai gudana kuma yana haifar da maganaɗisu, ƙa'idar da janareta ke aiki da ita ke nan. Haka abin yake ciyar da kansa shekaru aru-aru. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake aunawa a doron ƙasa daga can yake fitowa.

Tunda tushen abin ruwa-ruwa ne mai motsi, ba ya zama wuri ɗaya. Arewar da allurar kamfas ke nunawa daban take da arewar gaskiya. A 1831 James Clark Ross ya iske ta a arewacin Kanada, yanzu kuwa ta bar can ta nufi Saberiya, har a farkon wannan ƙarni tana cin sama da kilomita 50 a shekara kafin ta rage sauri. Shi ya sa duk shekara biyar ake sabunta taswirar da jiragen sama da na ruwa da wayoyinmu suke dogaro da ita. Mu a nan mun yi sa'a, bambancin arewar biyu a ƙasar Hausa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Mai neman alƙibla a Kano, wadda take wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, ba abin da zai dame shi da wannan. Abin da ya fi karkatar da kamfas a masallatanmu shi ne rodin da ke cikin daɓe da ƙofar ƙarfe da ke kusa. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki: duwatsu sun nuna cewa arewa da kudun maganaɗisu sun sha musayar wuri, na ƙarshe kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Wannan zance ne na wata rana.

Mu dawo gonarku. Ana auna ƙarfin maganaɗisun duniya da wani ma'auni da ake kira nanotesila. A doron ƙasa yana kamawa daga wajen 25,000 zuwa 65,000, ya fi ƙarfi a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, ya fi rauni a tsakiya. A arewacin Nijeriya yana wajen 33,000 zuwa 34,000. Dutsen da ke ƙarƙashin gona, idan yana da maginetayit, sai babban maganaɗisun duniya ya mai da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu, ya ƙara wani abu a kan wannan lamba ko ya rage. Abin da yake ƙarawa ɗin ne ake farauta, kuma sau da yawa bai wuce goma ko hamsin ko ɗari ba. Goma a cikin 33,000 kamar a ba ka buhun masara mai kilo 100 ne a ce ka gane an ɗebi abin da bai cika tafin hannu ba. Na'urar nan tana ganewa, har ma abin da bai kai haka ba.

Gwangwanin da ka gani a kan sanda, in irin wanda jami'o'inmu da ƙananan kamfanoni suka fi amfani da shi ne, za ka yi dariya in ka ji abin da ke ciki. Kananzir ne ko wani ruwa makamancinsa, an naɗe kwalbar da waya. Idan mai awo ya danna, lantarki zai bi wayar na ɗan lokaci, ya jera wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ruwan, waɗanda ake kira furoton, su fuskanci gefe ɗaya. Da an yanke wutar sai su fara layi suna juyawa a kan hanyarsu ta komawa bin maganaɗisun duniya, kuma saurin juyawarsu yana tafiya daidai da ƙarfin maganaɗisun wurin. A yankinmu sukan juya kusan sau 1,400 a daƙiƙa ɗaya. Akwatin ƙirji yana ƙirga juyin, ya mai da shi lamba, ya ajiye tare da lokaci da wurin da aka tsaya. Tun shekarun 1950 ake amfani da wannan dabara. Dalilin doguwar sanda kuwa shi ne a nisanta gwangwanin daga tsakuwa da marmara da guntayen ƙarfen da ke saman ƙasa. In ka lura da kyau, mai ɗauke da ita ba ya tafiya da makulli ko waya ko bel mai kan ƙarfe. Fartanyar da aka manta a kunya, rufin kwano, babur a gindin bishiya, wayar wutar lantarki, kowanne yana iya ɓata masa karatu. In yara suka biyo shi da kekensu ya kore su, ba wulaƙanci ba ne.

Akwai na'ura ta biyu da wataƙila ba ku kula da ita ba, wadda suke girkewa a wuri ɗaya tun safe, wani ya zauna yana gadinta. Aikinta ya fi muhimmanci a ƙasarmu fiye da yawancin ƙasashe. Maganaɗisun wuri ɗaya yana hawa yana sauka tsakanin safe da yamma, saboda hasken rana yana tayar da lantarki a saman sararin samaniya. Layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu ya ratsa arewacin Nijeriya, kuma daidai saman wannan layi, a tsayin kilomita 100 da 'yan kai, akwai wani siririn kogin lantarki da ke gudu zuwa gabas da rana. An fara lura da alamarsa ne a tashar awo ta Huancayo a ƙasar Peru, wadda ita ma take kan layin. Da tsakar rana yakan ɗaga lambar da sama da nanotesila 100, wato sau da yawa ya fi abin da dutsen da ake nema yake nunawa. Na'urar da aka girke tana rubuta wannan hawa da sauka, da yamma a cire shi daga karatun mai yawo. Ran da rana ta yi aman iskarta mai ƙarfi, lambobi sukan yi ta tsalle ba kan gado, sai a naɗe kaya a jira gobe. Duk wanda ya zo maka da sakamakon awo ba tare da ya yi wannan gyara ba, ni dai ba zan sa kuɗina a kan taswirarsa ba.

Zamanmu a kan wannan layi yana da wani tasiri da yake rikita ɗalibai, musamman masu karanta littattafan da aka rubuta don Kanada ko Turai. A can maganaɗisu yana shiga ne cikin ƙasa kusan a tsaye, don haka dutse mai maginetayit yana fitowa a taswira da lamba mai yawa daidai kansa. A nan kuwa a kwance yake tafiya, daga kudu zuwa arewa, sai abin ya juye: a kan dutsen lambar faɗuwa take yi, ta tashi a gefensa na arewa da na kudu. Ga kuma wata matsalar. Jijiyar dutse da ta miƙe daga kudu zuwa arewa, ta bi hanyar maganaɗisun, da kyar take bayyana, alhali wadda ta gitta gabas da yamma tana fitowa ɓaro-ɓaro. Jerin duwatsun da ke ɗauke da zinare a Anka da Maru da Birnin Gwari kuwa kusan kudu da arewa suka miƙe. Ka ga ke nan fassarar taswirar yankinku tana buƙatar wanda ya san aikinsa.

To ta ina zinare ya shigo? Zinaren yankinku yawanci yana cikin jijiyoyin farin dutsen nan ne da masu haƙa ke bi. Jijiyoyin sun samu ne a zamanin da duwatsu suka tsage suka goge juna, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagar daga ƙasa ɗauke da narkakkun ma'adinai, ya huce ya bar su a ciki. Tsagar nan tana iya fitowa a taswirar maganaɗisu, ko don ta raba duwatsu biyu masu bambancin maginetayit, ko don ruwan zafin ya cinye maginetayit ɗin da ke gefenta ya bar siririn layi mai rauni. Abin da mai awo zai iya cewa shi ne, ga inda dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasar noma, ga inda tsaga biyu suka haɗu, a nan ya kamata a fara dubawa. Tsaga nawa ce a ƙasa wadda babu ko ƙwayar zinare a cikinta? Su ne mafiya yawa.

Inda na'urar take nuna ma'adini kai tsaye shi ne tama. Tun ƙarni na 17 mutanen Suwidin suke neman tama da kamfas. A yankin Kursk na Rasha tamar da ke binne ta yi yawan da allurar kamfas take rikicewa, an lura da haka tun 1773. Awo daga sama kuwa yaƙi ne ya haife shi: a Yaƙin Duniya na Biyu aka inganta na'urar da jirgin sama zai ɗauka don gano jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, da aka gama yaƙi sai masu neman ma'adinai suka karɓe ta. An yi wa Nijeriya irin wannan awo a shekarun 1970, aka sake yin wanda ya fi shi kyau a shekarun 2000 a ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa ta tarayya, jirage suna tafiya mita 80 kacal daga ƙasa, tsakanin layi da layi mita 500. Ba mamaki dattawan garinku sun tuna wani ƙaramin jirgi da ya yi ta kai da kawo ƙasa-ƙasa. Akwai yiwuwar a waccan taswira samarin suka ga wani abu, suka zo su bi shi da ƙafa, domin abin da ya faɗa tsakanin layuka biyu masu nisan mita 500 jirgi ba zai fayyace shi ba.

Masu neman man fetur ma suna amfani da shi, amma ta bayan gida. Mai yana taruwa ne a cikin duwatsun da suka samu daga yashi da laka, waɗanda ba su da maganaɗisu. Abin da ake aunawa shi ne zurfin tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsu, don a san ko kwarin ya yi kaurin da zai iya dafa mai. Da irin wannan ake fara tantance wurare kamar kwarin Binuwai da na Tafkin Chadi, kafin a kawo awon girgiza mai tsada. Masu haƙa rijiyar burtsatse kuwa, waɗanda kake gani suna kafa turakun ƙarfe suna jan waya, lantarki suke turawa cikin ƙasa, aikinsu daban ne.

Ina jin wani abin da ya ƙara rura jita-jitar garinku shi ne ana haɗa wannan na'ura da wadda matasa ke yawo da ita a hamada, mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne, irin wadda ta yi tashe bayan an gano zinare a Djado ta Nijar a 2014. Waccan tana aika nata maganaɗisun ne cikin ƙasa, ta yi ƙara idan ya ci karo da ƙarfe kowane iri, zinare ne ko ƙusa ko murfin kwalba. Tana samun zinare in dunƙule ne kuma yana kusa, amma ba ta wuce zurfin kamu kaɗan. Ta samarin garinku ba ta aika komai cikin ƙasa, saurare kawai take yi, saboda haka ba abin da za ta yi wa shuka ko rijiya ko lafiyar mutum.

Ko a kan dutsen da take iya ji, na'urar ba ta faɗin magana ɗaya. Ƙarfin ɗan dunƙulen maganaɗisu yana raguwa da sauri in aka nisance shi, in nisan ya ninka biyu sai ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Don haka ƙaramin abu a kusa da babban abu a nesa suna iya ba da lambobi masu kama da juna, kuma lissafi kaɗai ba ya raba gardamar. Sai an haƙa. Mahaƙar Olympic Dam ta Ostareliya, ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar tagulla da yuraniyom da zinare a duniya, tana binne ne ƙarƙashin sama da mita 300 na dutsen da ba ya nuna komai, kuma awon maganaɗisu da na nauyin ƙasa ne suka sa aka kafa injin haƙa a wurin a 1975. Ramin farko ya taɓo tagulla kaɗan, da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya ba su ba da abin kirki ba, sai a rami na goma aka faɗa kan arzikin. Wannan labarin waɗanda suka dace ke nan, kuma kamfani ne mai kuɗin da zai jure ramuka tara.

Saboda haka, Malam, bin gona da sanda matakin farko ne, kuma mafi arha. In abin da suka gani ya ƙarfafa musu gwiwa, za ka ga sun dawo suna ɗibar ƙasa a ƙananan jakunkuna suna rubuta lamba a jiki, daga baya su yanka dogayen ramuka, can kuma a kawo injin da zai zaro dutse daga zurfi a kai ɗakin gwaji. Kowane mataki yana iya cin watanni, kuma a kowanne ana iya watsar da wurin. Wanda yake taya gona yau saboda an bi ta cikinta caca yake yi, ko kuwa yana so ya saya da arha daga wanda ya ruɗe. A dokar ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, mai bincike sai da lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, kuma ana neman amincewar masu ƙasa kafin a ba shi. In suka dawo, ku sa mai gari ya nemi su nuna takardar lasisin, a duba sunan kamfanin da iyakar filin da aka ba su, a kuma yi magana a rubuce kan diyyar amfanin gona kafin a sa diga a ƙasa.